Ranar da Na Zama Kada a Bikin Ƙanwar Mijina

Ko tsufa zai cinye mini ƙwaƙwalwa har in riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ja ciki a tsakar gidan surukaina a Umdurman ba, dangin amarya suna kallo, dangin ango suna kallo. Duk wanda ya ji labarin sai ya yi dariya, ni ma nakan taya shi, har zuwa wani wuri.

Ɗana Ammar aka ɗora wa laifin, amma bakina ne ya jawo. Bari dai in fara da shi.

Ammar yaro ne da Allah ya halitta bai sa masa zama ba. Tun yana tatata, in ka ajiye shi a kan angareb, gadon igiyar nan namu, kafin ka juya ya shige ƙarƙashinsa, kafin ka leƙa yana kan katangar maƙwabta. Muka ce ƙiriniya ce, zai daina. Da ya shiga makaranta a unguwarmu ta Hajj Yusuf sai abin ya wuce ƙiriniya. Sa'anninsa suka gama haruffa suka shiga haɗa baƙi, shi yana nan a kan ba da ta da sa na Larabci, waɗanda ɗigo ne kawai ya raba su. Ya taɓa ce mini ɗigon ba sa zama wuri ɗaya, in ya zuba musu ido sai su tashi kamar ƙudaje. Dariya na yi a lokacin. Sai daga baya na gane iyakar gaskiyarsa yake faɗa mini.

Malaminsu ya gwada bulala, ya gwada tsayar da shi a rana, a ƙarshe ya mayar da shi kujerar bakin ƙofa inda ba zai dami kowa ba. Ni kuma aka maishe ni 'yar gida a ofishin shugaban makaranta. Ammar ba ya kuka in ya dawo da shatar bulala a ƙafa. Zai ci abinci a tsaye, ya zaga tsakar gida, can sai ya zo ya jingina da bayana ina wanke-wanke ya kira ni yadda yaran nan suke kiran uwa, ya ce, "Yumma, ni fa ina so in ji magana. Kaina ne ba ya tsayawa."

Mahaifinsa Idris yana Saudiyya yana tuƙa motar wani kamfani, sai shekara ta zagayo muke ganinsa, wata shekarar ma ba ma gani. Ta waya yake renon ɗansa, ta waya kuma mahaifiyarsa Hajja Batul take kai masa rahoto. Su tsofaffin 'yan Umdurman ne, kakanninsu sun zo daga ƙasar Hausa can yamma a hanyar hajji tun zamanin da ba mai tunawa, suka zauna suka kama dukanci, har jikokin yanzu Hausar tasu sai ta gaisuwa, in ban da irin su Idris. Ni kuwa 'yar masu tsinkar auduga ce a gonakin Jazira. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a fuska, a yadda ake miƙo mini shayi nake jin sa. Ra'ayin Hajja a kan Ammar gajere ne: na sangarta shi, babu namiji a gida, a kawo shi Umdurman baffansa Usman ya gyara shi. Na san hannun Usman. Ga Idris kuma ya fara cewa to ko za a gwada.

Tsoron a raba ni da shi ne ya kai ni wurin wani likitan yara a cikin Khartum. Ya daɗe da yaron, ya sa shi zane, ya sa shi karatu, ya yi mini tambayoyi har da yadda yake barci. Sannan ya ce ba taɓin hankali ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta iya tsayar da hankali wuri ɗaya, ga wahalar gane haruffa a kai. Ya ce akwai ƙwaya da take taimakon wasu yaran. Ina jin kalmar ƙwaya na fara tattara jakata. (Ku sani a kantin magani nake aiki. Wuni nake ina miƙa wa 'ya'yan mutane ƙwayoyi ina cewa a sha bayan abinci, amma da aka zo kan nawa sai na tuno duk labaran da na taɓa ji a mota, na yaran da magani ya mayar kamar gunki.) Likitan bai matsa mini ba. Shi ne ma ya kwatanta mini gidan wata malama da take aiki da irin waɗannan yara ba tare da magani ba.

Ustaza Ihsan sunanta, doguwa, mai magana a hankali kamar tana gudun tada mai barci. Gidan haya ne ta mayar makaranta, ba allo, ba kujeru a jere. Akwai lilo a gindin darbejiya. Akwai wani siririn katako da yara suke takawa a kai suna riƙe da ƙwallo. Akwai faranti cike da yashi da suke rubuta harafi da yatsa suna faɗar sa da baki, kalma kuma sai an tafa ta gaɓa-gaɓa kafin a rubuta. Ranar farko na ce a raina wannan ai wasa ne, wahalar mota kawai zan sha. Ta kuma ba ni dokokin gida: barci da wuri, a rage alewa da lemon kwalba, a bar shi ya yi guje-gujensa kafin a zaunar da shi karatu, karatun kuma kaɗan-kaɗan.

Sai maganar kada. Ammar yana da wani hali da muke kira zuwan abin. In hayaniya ta yi masa yawa, ko haske, ko mutane suka yi masa ca, sai ya toshe kunne ya fasa ihu, ya nemi lungu ya shige yana buga goshinsa da duk abin da ya samu. Lallashi ƙara tunzura shi yake, jan sa kuwa ya fi muni. Ustaza ta koya mini abin yi. Kar in ce masa ko kalma ɗaya, kar in taɓa shi. In kwanta rub da ciki inda zai gan ni, in riƙa jan jiki da gwiwar hannu kamar kada ya fito daga kogi, ina fitar da dogon numfashi mai ƙara, huuu. Ta ce in ya ga na fi shi ƙasa tsoronsa yana raguwa, jan jikin yana sauke masa zafin, numfashin kuma kwaikwaya zai yi. In ya biyo ni muka ɗan zaga, sai in naɗe shi tam a cikin zani in danne kafaɗunsa har jikinsa ya saki. A gida mun yi kada ba adadi, a kan tabarma, ƙofa a rufe, ba mai ganinmu sai Allah.

An kuwa ga sauƙi, ba zan danne wa Ustaza haƙƙinta ba. Kiran makaranta ya ragu. Wata rana muna cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, cunkoso ya tsayar da mu, sai na ji yana tafa hannu a hankali yana kallon wani shago. Ya tafa, ya sake tafawa, sannan ya juyo ya ce, "Yumma, can an rubuta burodi." Haka kuwa aka rubuta. Na rufe fuska da tob ɗina, laffayar da muke naɗawa, na yi ta kuka har mai raksha ya tambaya ko rasuwa aka yi mana.

Daga ranar bakina ya buɗe. Na zama mai wa'azi. Duk wadda ta shigo kantinmu da yaro mai ƙiriniya sai ta sha bayanin yashi da lilo, ko da maganin tari ta zo saye. Ustaza ta sha gaya mini cewa sauƙi ake samu, abin ba ya tafiya ɗungurungum, kuma ita ba ta gaba da magani, akwai yaran da sai an haɗa musu biyun. Ina gyaɗa kai, kunnena yana tace abin da yake so. Da Idris ya kira sai na ji bakina ya ce, "Ai Ammar ya warke. Ko ƙwaya ɗaya bai sha ba." Na gaya wa Hajja ma, da ɗan ƙarin gishiri.

Ana nan aka sa bikin Nusaiba, autar su Idris, shi ma ya samu hutu ya zo. Ranar da ya iso, Ammar ya ɗauko kwalin shayi ya tsaya a gabansa ya karanta masa abin da ke jiki, yana tafawa a cinya, gumi yana tsattsafo masa a hanci. Idris ya ɗaga shi sama ya sumbaci kansa. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan ta yi haske irin na ranar ba. Da na tsaya nan da na ci riba.

A bikinmu na nan akwai al'adar da ake kira jirtik. Ango da amarya suna zama a kan angareb da aka lulluɓe da jan ƙyalle, tsofaffi su ɗaura musu zaren alharini a hannu, su shafa musu turare a ka, a ƙarshe a kawo madara kowa ya kurɓa ya fesa wa ɗan'uwansa, mata suna guɗa. Ana rabon aiki a ɗakin Hajja, aka zo kan wanda zai ɗauko madarar, har an ambaci wata 'yar Usman, sai na ce Ammar zai ɗauko. Hajja ta dube ni ta saman tabarau ta tambaya ko na tabbata. Na ce ai yaron da yake tafiya a kan siririn katako da ƙwallo a hannu, tiren madara ba zai gagare shi ba. (Ba wanda ya roƙe ni, wannan nake so a sani. Ni na miƙa wuya, ni na kawo wuƙar, har da wasa ta.)

Na gaya wa Ustaza ina washe baki. Ba ta taya ni ba. Ta ce in dai dole ne ya je bikin, to ya yi barci sosai, ya ci ya ƙoshi, mu zauna kusa da ƙofa, mu fita kafin kiɗa ya yi zafi. Zancen madara kuwa ta ce in bar shi. Na ce to. Na koma gida muka shiga gwaji da kofin ruwa daga bakin randa zuwa ƙofar ɗaki, kuma wallahi ko ɗigo bai zubar ba.

Ranar jirtik dokokin suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi barcin kirki ba saboda ɗoki. Muka maƙale a kan gadar haye kogi zuwa Umdurman cikin rana, motoci ba gaba ba baya, sabuwar jallabiyarsa tana cizon wuyansa, ɗan rawanin da na naɗa masa yana zamewa yana fizgar sa. Da muka isa gwaggwanninsa suka karɓe shi, wannan ta ba shi alewa, waccan ta buɗe masa lemo, ni ina can ana gyara mini naɗin tob. An yayyafa wa tsakar gidan ruwa har ƙasa ta jiƙe, mata sun cika shi har bakin zaure, hayaƙin turaren wuta ya tokare sama. Masu daluka, gangar nan ta mata, suna ta bugu. Maza suna waje a rumfar da aka kafa a kan titi. Mai ɗaukar bidiyo yana yawo da wata fitila mai zafi a kafaɗa, doguwar waya tana bin sa a ƙasa. Na ga wayar, ban tambayi inda ta nufa ba.

Na hango Ammar yana murza kunnensa, alamar da na sani sarai. Na kau da kai, na ce a raina saura kaɗan.

Aka miƙa masa tiren. Jama'a, ya yi kyau. Ya tako a hankali, harshe ɗan waje, idonsa a kan kofin, daidai yadda yake yi a kan katako. Na ga Hajja ta ɗaga gira. Zuciyata ta cika fal, har na fara shirya fuskar da zan yi in ana yaba mini, irin fuskar nan ta ai ba komai, ikon Allah ne. Ya kusa kaiwa gadon ke nan wata mata ta rangaɗa guɗa daidai kunnensa, mai bidiyo kuma ya juyo masa fitilar a fuska. Ya saki tiren ya toshe kunnuwa. Madarar ta tafi gaba ɗaya a cinyar amarya, a kan jan alharininta.

Da an ƙyale shi, wataƙila da abin ya tsaya nan. Amma baffansa Usman yana tsaye kusa da gadon a matsayinsa na yayan amarya, ya zabga masa mari a ƙeya. Ihun da Ammar ya fasa sai da ya tsayar da kiɗan. Ya zube ƙasa ya shige ƙarƙashin gadon, ango da amarya suna zaune a kai, ya fara buga goshinsa da ƙafar gadon. Kowa yana jin ƙarar. Nusaiba ta ɗage ƙafafunta tana kuka. Mata suka durƙusa suna jan ƙafarsa, kowace da abin da take faɗa, wannan da Larabci waccan da Hausa, shi kuwa ƙara bugawa yake. Na ga jini a goshinsa.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ture matan, na kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan inda zai hango ni ta ƙarƙashin ƙyallen, na kafa gwiwar hannu na fara ja. Huuu. Awarwarona suna kartar ƙasa. Huuu. (Ni mace ce mai jiki, Allah ya ba ni, ban taɓa zama siririya ba. Ga tob yana warwarewa yana bi na a baya kamar wutsiya, abin da ya ƙara wa kamannin armashi.)

Sai wata tsohuwa, Gwaggo Sittana, yayar Hajja, wadda ta yi ƙuruciyarta a gidajen zar, wato borin ƙasar nan, ta miƙe da sandarta ta ce kowa ya ja da baya, iskokin matar Idris ne suka sauka. Ta sa aka kawo kaskon turare aka ajiye a gaban hancina. Ta umarci masu daluka su ci gaba, amma a hankali, kar a ɓata wa baƙo rai. Suka ci gaba. Ta sunkuyo kaina cikin ladabi ta ce, "Maraba da mutanen kogi. Wa ya zo mana, me kuma yake so?"

Ina jin ta sarai. Ina so in ce Gwaggo ni ce, ba kowa. Amma doka ta ce ko kalma ɗaya, ga shi kuma bugun goshin ya tsaya, ina ganin idanu biyu suna kallona daga duhun gadon. Don haka na dubi tsohuwar nan mai daraja na ce mata, "Huuu." Ta gyaɗa kai ta shaida wa mata cewa na ruwa ne, ba sa magana da wuri. Wata ta fesa mini turare a baya. Wata ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Hayaƙi yana shiga idona, hawaye yana zuba, na ci gaba da ja. Na kai kusurwar gadon sai na ji motsi a bayana. Ammar ne ya fito. Jallabiyarsa ta koma kalar laka, yana jan ciki yana bi na, yana fitar da nasa numfashin haɗe da shessheƙa. Muka zaga gadon ango da amarya, uwa a gaba ɗa a baya, daluka tana raka mu. Da na ji numfashinsa ya daidaita da nawa sai na tashi zaune. Babu zani a kusa. Na ƙarasa warware tob ɗin daga jikina, na rage daga ni sai 'yar rigar da ke ƙasa, kai ba ɗankwali, na naɗe shi tam na danne kafaɗunsa. A hankali jikinsa ya saki, ya kwantar da kai a ƙirjina.

Ana cikin haka muka ji dariya daga waje. Dariyar maza ce, masu yawa, irin wadda ake ƙoƙarin dannewa ta ƙi dannuwa. Ashe wayar nan da ban tambaya ba rumfar maza ta nufa, inda aka kafa ƙaton talabijin don su ma su ga jirtik. Mai bidiyon kuwa mutum ne mai riƙon amanar aikinsa, tun daga kwanciyata bai ɗauke kyamara daga kaina ba. Surukina ya gani, abokan sana'arsa sun gani, limamin unguwa ya gani, dangin ango da suka zo daga nesa sun gani. Idris yana sahun gaba. Daga baya na ji cewa da Ammar ya bayyana da tire, har ya taɓa na kusa da shi ya ce ɗansa ne.

Idris ya shigo ya same mu a ɗakin Hajja, inda aka ja mu. Bai ɗaga murya ba. Da Larabci ya yi mini magana, kuma tun da muka yi aure, in ya bar Hausa ya koma Larabci da ni na san ya yi nisa. Ya dubi goshin yaron, ya dubi lakar da ke gaban rigata, ya ce, "Wannan ne warkewar?" Ya juya ya fita.

Hajja ce ta kawo ruwan ɗumi ta wanke wa Ammar goshi da hannunta. Ina zaune ina jiran hukunci, na ma riga na san shi: a bar yaron a nan. Ta daɗe tana matse tsumma. Gwaggo Sittana ta leƙo tana tambaya ko baƙon ya tafi, Hajja ta ce mata ya tafi, ta ja ƙofa. Sannan ta tambaye ni, ba tare da ta kalle ni ba, ko kullum haka nake yi in abin ya zo masa. Na ce e. Ta tambaya ko ni kaɗai. Na ce ni kaɗai. Sai ta ce, "Tafi da ɗanki, 'yar nan. Gidan nan akwai mai dukansa, amma babu mai kwanciya a ƙasa dominsa." Ta buɗe akwati ta ciro wani tob nata ta miƙo mini. Ban san ko yabo ne ko kora ba, har yau ban sani ba.

Muka fita ta ƙofar baya kafin magariba. Idris bai biyo mu ba. A cikin mota Ammar ya zauna a cinyata duk da ya girmi haka, fuskarsa a taga. Muna kan gada ya ce, "Yumma, da wa suke dariya, da ni ko da ke?"

Na ce da ni.

Muka sauka daga gadar. Sannan ya ce, "To in abin ya sake zuwa zan riƙe shi a ciki. Ba za ki ƙara kwanciya ba."

Ya kuwa cika alkawari, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ya daina ihu. In abin ya zo sai ya shige banɗaki ya rufe. Har na fara murna, ni da ba na koyon darasi da wuri, sai ranar da nake cire masa riga na ga shatar haƙora a damtsensa, sabuwa a kan tsohuwa. Cizon kansa yake yi don kar sauti ya fito. In na kwanta zan yi kada sai ya juya mini baya ya ce in tashi, kayana za su ɓaci.

Na je wurin Ustaza na zayyana mata komai. Da na zo kan Gwaggo Sittana ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni haƙuri, ta sake fashewa. Da na zo kan damtsensa sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Kadan daidai kika yi shi. Madarar ce ba ta kamata ba." Ba ta ƙara komai ba, ko ai na gaya miki ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana fama da shi kafin ya yarda ya sake jan ciki, kuma ita ya fara bi, ni sai can daga baya. A tsakanin nan na koma wurin likitan da ƙafata, na zauna na saurari bayanin ƙwayar har ƙarshe, jakata tana ajiye a ƙasa. Abin da muka yanke tsakaninmu ne da shi da Ustaza. Lilo da yashi dai ba mu bari ba.

Idris ya koma Saudiyya tun hutunsa bai ƙare ba. Bai sake ni ba, bai kuma daina abin da ya wajaba a kansa ba, sai dai wayarsa ta gajarce. Zai tambayi lafiyata, ya tambayi rufin ɗaki da wutar lantarki, in ya zo kan yaron sai ya ce a gaishe shi. Ammar yana tsaye kusa da ni yana jira a miƙa masa, in ya ji an kashe sai ya koma wasansa kamar dama ba jira yake ba. Nusaiba ta yi shekaru ba ta yi mini magana ba, ban kuma ga laifinta ba, kowace amarya tana so a tuna bikinta da ita. Faifan bikin ya zaga gidajen dangi har Jazira, inda mahaifiyata ta gani a gidan maƙwabta, ta aiko a tambaye ni tun yaushe nake da iskoki ban gaya mata ba. A Umdurman akwai gidajen da ba su san ni da wani suna ba sai matar Idris mai kada. Wata ma ta taɓa biyo ni har kanti, ta jira mutane suka ragu, ta raɗa mini ko mutanen kogin nawa suna duba abin da ya ɓace, zobenta take nema.

Ammar ya girma, ya fi ni tsawo. Yana karatu a hankali, yatsa a kan layi, in kalma ta yi tsawo har yanzu yakan tafa ta a cinya. Ba ya zuwa biki, ni ma ban taɓa ce masa ya zo ba.

Abin da na koya, a kan laka na koye shi, gaban jama'a. Sauƙin da Allah ya ba ɗanki nasa ne, in kika ɗauke shi kika zaga da shi don a ce kin iya reno, ke za a yi wa dariya amma shi zai ji ciwon. Kalmar "ya warke" kuwa tun daga ranar na cire ta daga bakina. Ko mura ce ta sake shi aka tambaye ni, iyakata in ce da sauƙi.